3 ga Fabrairu: Ranar da Kano Ta Shiga Tarihi Sau Biyu

Da yawanmu muna bi ta Kabuga a A Daidaita Sahu, ana ƙorafin cunkoso da kuɗin mota, ba tare da sanin cewa ta wannan ƙofar Turawa suka shiga birnin Kano ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903 abin ya faru.

Kanar Morland ne ya jagoranci rundunar daga Zariya, bisa umarnin Gwamna Lugga. Turawan ciki 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Akasarin masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne, har da Hausawa. Sai da suka ci Bebeji a hanya, sannan suka iso ganuwa. Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa domin yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi, Attahiru. Wannan ne ya sa wasu ke cewa wai Kano ta faɗi ba faɗa. Ni dai ban yarda ba. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki da 'yan tsirarun mutanensa har aka kashe shi. Ragowar rundunar ma ta gwabza da Turawa a Kwatarkwashi kan hanyar dawowa, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Daga bisani aka kama Sarki Alu, aka tsare shi a Lakwaja har ya rasu a 1926, ɗan'uwansa Abbas kuma ya hau gadon.

To, shekara 73 cif bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu, 1976, wani ɗan Kano ya sake fasalin Najeriya da jawabi ɗaya. Janar Murtala Muhammad ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya kuma sanar cewa za a ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja. Abin lura, bai taɓa jiharsa ba. Sai a 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Amma 'yan ajinku na Bauchi, Barno da Neja, a ranar aka raɗa wa jihohinsu suna.

Murtala bai ga ko tubali ɗaya na Abuja ba. Kwana goma bayan jawabin aka harbe shi a Legas, yana da shekara 37, aka kawo shi Kano aka binne.