Bayan an ci gasa, wa ke buga wa marubuta mata littafi?

Ƙasar Kontagora tana da gurbi a tarihin ƙagaggun labaran Hausa. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, lokacin garin yana ƙarƙashin Lardin Kontagora, kuma daga Kontagora jarumin Ruwan Bagaja ya tashi neman ruwan da ya ba littafin suna. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifi littafin tare da wasu guda huɗu, dukkansu na maza. Sai da aka shafe kusan shekara hamsin kafin ƙagaggen labarin mace ya fito da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Shi ma gasa ce ta buɗe masa ƙofa.

Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, suka koma kan littattafan makaranta. Mata kuwa ba su tsaya jiran kowa ba. A Kano musamman, marubuciya kan cika littafin rubutu da hannu, ta biya mai tafireta, ta biya mai injin bugawa daga aljihunta, sannan ta miƙa wa 'yan kasuwa bashi, sai an sayar ta ga kuɗinta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake raba labari ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu, na uku: cinikin na farko ne jarin na biyu. A haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. Wasu masana suka laƙaba wa harkar "Adabin Kasuwar Kano", sunan da ba ya rasa ɗan raini a cikinsa, alhali littattafan suna magana ne kan auren dole, kishi, saki da karatun 'ya mace, batutuwan da ba a cika tattauna su a zaure ba.

Hukuma ta fi waiwayar waɗannan mata da sanda fiye da tallafi. A 2007 Hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Jihar Kano, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Ƙungiyoyin da matan suka kafa da kansu, irin su Kallabi da Mace Mutum, su ne suka zame musu inuwa. Da lokaci ya yi da za a fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Turanci, Aliyu Kamal ya yi fassarar, amma kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ne ya buga ta a 2012. Abin a yi tunani ne cewa babu kamfanin gida da ya riga shi.

Yau takarda ta yi tsada, labaran sun koma cikin waya. Ana sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu ta tura kuɗi a sa ta cikin rukuni. Sauƙin ya zo da ɓarnarsa: mutum ɗaya ya saya, ɗari su karanta kyauta, wani kuma ya karanta littafin da murya a YouTube ya ci riba ba da sanin mai shi ba. Manhajar OkadaBooks, da wasu suka dogara da ita, ta rufe a 2023. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara domin mata a 2016, ta fito da sababbin sunaye, ta kai gajerun labaransu kunnen masu sauraro. Sai dai gasa tana ba da suna ne da kyauta. Edita, bugu da rarrabawa wani aiki ne daban. Wannan giɓin ne ya sa Flora Nwapa ta kafa Tana Press a Inugu a shekarun 1970, ya kuma sa Barbara Smith da Audre Lorde da abokansu suka kafa Kitchen Table a Amurka, domin baƙaƙen mata su buga wa junansu. A Abuja akwai Cassava Republic, da Bibi Bakare-Yusuf ta jagoranci kafawa a 2006, amma akasarin aikinsa da Turanci ne.

Abu biyu suna hannun ma'aikatun tarayya. Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar ISBN, doka kuma ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Da yawa daga cikin littattafan matan sun fito babu lambar, ba a kuma ajiye su ba, don haka rubutun kusan shekara arba'in yana ruɓewa a akwatuna. Na biyu, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Marubuciyar da ke zaune a Kontagora ko Funtuwa ba za ta amfana da wannan tanadi ba sai Hukumar Haƙƙin Mallaka ta bayyana mata shi da Hausa, ta kuma karɓi kokenta ta wayar da take rubutu da ita.