Kuɗin zaman kotu a Texas: inda gudummawarka ke zuwa, da tarkon 'yan damfara

A Najeriya alƙali ne ke sauraron shari'a ya yanke hukunci. A Amurka kuwa, kotu na gayyato talakawan gari, goma sha biyu ko shida, su saurari shaidu su faɗi ko laifi ya tabbata. Ana kuma ba su ɗan kuɗin mota da abinci. A jihar Texas, inda 'yan Najeriya suke da yawa musamman a Houston, tun daga Satumban 2023 mafi ƙarancin kuɗin shi ne dala 20 a ranar farko, sai dala 58 a kowace rana bayan nan.

Dokar jihar ta ba mutum damar barin wannan kuɗi, duka ko wani ɓangare, ga hukumar kula da yara ta gundumarsa, ko asusun diyyar waɗanda aka zalunta. A kotun ake miƙa maka takarda, ka zaɓa, ka sa hannu.

Dala ashirin ba ta taka kara ta karya ba, amma dubban mutane ake kira kowace shekara. Hukumomin kula da yaran na 'yan sa kai ne, kuma abin da suke saya ƙananan abubuwa ne da kasafin gwamnati kan tsallake. Ka ɗauka jami'ar kula da yara ta ɗauke yaro daga gidan da ake azabtar da shi cikin dare, daga shi sai rigar jikinsa. Gundumomi da yawa na da ɗakin ajiya da ake kira Rainbow Room, inda za ta samo masa tufafi, takalmi, kunzugu, madara, har da kujerar jarirai ta mota, kafin a kai shi gidan riƙo.

Bayar da gudummawar ba dole ba ne. Dokar Texas ta hana a kore ka daga aiki saboda zaman kotu, amma ba ta tilasta wa maigidanka ya biya ka albashin ranakun ba. Direban tasi ko mai aikin awa da ya yi asarar mako guda, kada ya ji kunyar karɓar kuɗinsa.

Sai a yi hattara. Daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi ake zaƙulo sunaye, don haka sammaci kan isa ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba. In kai ne, ka amsa, ka faɗi gaskiyar matsayinka, za a sallame ka. Kada ka kuskura ka ce kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, kada kuma ka jefar da takardar: tarar ƙin amsawa na iya kaiwa dala 1,000.

Akwai kuma masu bugo waya da sunan ɗan sanda, su ce ka ƙi zuwa kotu, za a kama ka in ba ka tura kuɗi yanzu ba. Ƙarya suke yi. Kotu ba ta karɓar tara ta waya ko ta katin sayayya, gudummawar yaran ma a takardar kotu ake bayar da ita. Ka kashe wayar, ka nemi lambar akawun kotun da kanka, ka tambaya.