Tsohuwar Mota Tana Son Ido, Ba Kuɗi Kaɗai Ba

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, muna tashi daga makaranta sai ga waya daga Argungu, wai jikin Inna ya tsananta, a zo a ɗauko ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Ko abinci ba mu tsaya ci ba. Mu biyu da uwargida muka shiga 'yar motarmu ƙirar 1996, muka bar Gwadangaji da rana tsaka. Tafiyar ba ta wuce ta awa ɗaya ba. Bayan mun wuce Ambursa sai uwargida ta ce, "Malam, dubi allurar zafin nan, ta kusa kai ja." Muka ce a bari mu ƙarasa, ai saura kaɗan. Ba mu ƙarasa ba. Tururi ya turnuƙe gaban mota, inji ya yi tari ya mutu. A motar haya aka kawo Inna da yamma, mun gode Allah ta sami sauƙi. Amma gyaran da ya biyo baya ya cinye albashin wata biyu, kuɗin makarantar yara kuwa sai da muka je roƙon a ɗaga mana ƙafa.

Da bakanike ya buɗe lagireto ya leƙa, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, wane irin ruwa kaka zuba ma motar ga?" Muka ce ruwan rijiya. Ya nuna mana farin dutse da tsatsa da suka toshe hanyoyin ruwa, da wani tiyo da ya daɗe yana yoyo ba mu lura ba. Tiyon nan kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa biyu ba. Tun daga ranar muka gane cewa ba tsufa ne ya kashe motar ba, rashin dubawa ne. Abin da muka koya bayan haka shi ne muke so mu raba da ku, ya ku masu karatu.

Dalilin riƙe tsohuwa

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, da Volkswagen a Legas, a zamanin nan kuwa ma'aikaci yakan sami rancen mota ya sayi sabuwa dal. Wannan zamani ya wuce. Yawancin ƙananan motocin da ke bin titunanmu yanzu, su Golf da Starlet da Corolla da Peugeot 206, sun gama aiki a Turai kafin su iso mana ta Kwatano. Daga ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kayan gyara kuma suka bi sahu. Malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da motarsa ta mutu yau, da wuya ya sayi wata. Saboda haka wadda ke ƙofar gida ita ce dukiyar, ita ce kuma za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Abokan gāban mota a ƙasarmu uku ne: ƙura, da zafi, da ruwa. Kowanne da lokacinsa a shekara.

Ƙurar hunturu

Inji yana numfashi kamar mutum. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur sai ya shaƙi iska kusan lita 10,000. To, ku tuna da hazon Disamba da Janairu, da ƙurar hanyoyin fadama. Abin da ke tare wannan ƙura duka shi ne matatar iska, wata takarda mai ninki-ninki cikin baƙin akwati kusa da inji. Buɗe ta ba ya bukatar bakanike. A ciro ta kowane mako biyu da hunturu, a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta wajen rana. In haske ba ya ratsa ta, a sayi sabuwa. Kada a wanke ta da ruwa ko fetur, kada kuma a yarda da mai cewa a cire ta gaba ɗaya don mota ta ƙara gudu. Ƙurar da ta shiga inji takan gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Baƙin mai shi ne jinin inji. Ana duba shi da safe kafin a ta da mota, tana tsaye a wuri mai daidai. A zaro sandar awo, a goge da tsumma, a mayar, a sāke zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamu biyun nan. In ya gaza a ƙara kaɗan-kaɗan, gama yawansa ma ɓarna ne. In kuwa ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inji ke nan, kada a ta da motar. Ga tsohuwar mota a ƙasa mai ƙura irin tamu, a yi juye kowane kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga, a canza matatar mai tare. Man awo da ake sayarwa a kwalba bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Araha ba ta ado.

Zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Inji kuwa yana aiki ne a wajen digiri 90, watau tazarar da ke tsakaninsa da tafasa ba yawa. Murfin lagireto yana matse ruwan domin kada ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage ba ya wannan aiki, ga shi kuma abu mai araha. Don wannan matsi ne ba a buɗe murfi in inji yana da zafi. Mun san masu tabon ƙuna a fuska da hannu saboda haka. A jira rabin awa tukuna.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse, irin wanda uwargida take gani a gindin butar shayi. Mu yanzu ruwan sama muke tarawa da damina, mu tace, mu haɗa da maganin lagireto mai kore ko ja da ake sayarwa a shagon kayan mota, gama shi ne ke hana tsatsa. A riƙa matsa tiyo da hannu in inji ya huce: wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ko ya tsattsage, ranarsa ta zo. A bar mota tana aiki a tsaye a ga ko fanka tana tashi da kanta. Babban darasi kuwa shi ne wanda muka saya da tsada: in allura ta doshi ja, a tsaya nan take, ko da gida ake hange.

Zafi yana rage kwanan batir kuma. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yakan hana mota tashi, mutum ya zaci batir ya mutu. A kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, sa'an nan ɗayar, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a bushe, a ɗaure tam, a shafa man shafawa kaɗan. Wajen mayarwa, ta alamar ragi ce ta ƙarshe.

Ruwan damina

Mu mazauna bakin gulbi mun san halin watan Agusta da Satumba. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ta yanke hanyoyi da dama. Ƙaramar mota bakin shan iskarta ba ya nisa da ƙasa. In ta shaƙi ruwa maimakon iska, ƙarfen cikin inji yakan tanƙware nan da nan, gama ruwa ba ya matsuwa. Ruwan da ya kai rabin taya, a juya a nemi wata hanya. In mota ta mutu cikin ruwa, kada a murɗa makulli, a tura ta waje a kira bakanike. Bayan an ratsa ƙaramin ruwa, a taka birki a hankali sau da dama domin ya bushe.

Taya

Taya gwanjo takan zo da zane mai kyau, mai saye ya yi wa rogo kallon kitse. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, watau an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kwaltar bazara kuwa ba ta yi wa tsohuwar taya afuwa. Ga kuma batun iska. Masu faci da yawa sukan bugo iska har 45 ko 50, alhali yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 32 suke so. Ainihin awon yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki. A sayi ɗan ma'auni a ajiye, a auna da safe, har da tayar ajiya.

Inda hannunmu ya tsaya

Ba kowane aiki ne na gida ba. Birki, da sitiyari, da giya, da bel ɗin nan mai haƙora da ke cikin inji, na bakanike ne. Namu shi ne mu san lokacinsu. Man birki yana tsotsar laima, a canza shi kowace shekara 2. Bel mai haƙora kuwa ba ya ba da sanarwa, in ya tsinke a kan tafiya yakan lalata inji a motoci da yawa. Wanda ya sayi mota bai san ranar da aka sa shi ba, ya canza shi ya huta. A riƙe bakanike ɗaya mai gaskiya, a tsaya a ga aikin, a karɓi tsohon abin da aka cire, a biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba. Abu biyu kuma da suka shafi rai: kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa yana kisa ba wari ba gargaɗi.

Aikin dukan gida

Yanzu kowace Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, muna da minti goma na mota. Babban ɗanmu yana auna taya. Ƙanwarsa tana tsayawa a baya tana faɗa mana ko fitilun birki da na juyawa suna kamawa. Autan yana leƙa ƙasa ya ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare, shi ne ma ya fara gano yoyon man birki bara. Uwargida tana riƙe da littafi, irin na aikin makaranta mai shafi 40, inda take rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da abin da aka yi, da abin da aka kashe. Cikinsa ne muka ga cewa mota ta fara shan fetur fiye da dā, aka canza fulogi, ta koma daidai. Kowane ƙarshen wata kuma tana ware wani abu kaɗan cikin asusu da sunan mota, domin gyara ya daina zuwa rana ɗaya da kuɗin makaranta.

Motar tana nan, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga kafin ta rufu. Amma tun daga ranar nan ta Afrilu ba ta sāke zubar da mu a hanya ba, Inna ma a cikinta take zuwa ganin likita kowane wata. Ran Asabar mai zuwa, ku kira yara, ku ɗaga murfin inji, ku fara da sandar awon mai.