Ko biyan kuɗin sabis ɗin mota a dunƙule yana da riba?

Wasu dilolin motoci kan karɓi kuɗin sabis na shekara biyu ko uku tun farko, wanda galibi ya ƙunshi juyen baƙin mai, canjin filta da ladan aiki.

Ribar ita ce tsira daga ƙarin farashi, muddin yarjejeniyar ta ƙayyade hakan. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari.

To sai dai ga mazaunin Samaru, idan garejin dilan yana Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, kuɗin fetur na iya cinye rangwamen.

Sabuwar mota mai garanti ce ta fi cin moriyar tsarin. Tsohuwa 'yar Kwatano kuwa gyara ne matsalarta, wanda tsarin ba ya ɗauka, don haka bakaniken Sabon Gari ya fi mata sauƙi.