Yadda jaki ya tashi ƴan zuhudun farko na Faransuwa daga bukkarsu

Jama'a masu sauraronmu na ƙauyuka, da ƴan uwa da ke ci-rani kuna karanta mu a waya, da yawanku kun ji sunan Faransuwa a 2013, lokacin da sabon Fafaroma ya zaɓe shi. To, mai sunan na asali ɗan wani attajirin fataken tufafi ne a garin Asiz, ƙasar Italiya. Ya bar dukiyar ubansa, ya sa riga mai kaushi, ya ɗaura igiya a ƙugu. Yau za mu duba yadda jama'arsa ta fara a karkara.

A 1209 ya tafi Roma da abokai 11, Fafaroma Inosan na Uku ya amince musu da baki kawai. Da suka komo, sai suka sauka cikin wata yasasshiyar bukka a Ribotorto, kusa da Asiz. Wurin ya yi musu kaɗan ƙwarai, har Faransuwa ya rubuta sunan kowa a jikin itacen rufi don kowa ya san inda zai zauna ya yi addu'a. Sunan da suka ɗauka shi ne ƙananan ƴan uwa. Suna taya manoma aiki, suna jinyar kutare. Ladan aiki kuwa, abinci ko abin buƙata suke karɓa, kuɗi sam ba sa taɓawa. In aiki bai ba su abinci ba, su fita bara.

Tsofaffin littattafan tarihinsa sun ce wata rana wani manomi ya koro jakinsa cikin bukkar, yana neman masa mafaka. Faransuwa bai ja da shi ba, suka tashi suka bar masa. Mu dai ba mu ga laifin manomin sosai ba. Duk wanda ya san darajar jaki a ƙauye, ya ga baƙi goma sha biyu sun tare wurin da ba nasu ba, zai fahimce shi.

Daga nan suka koma Porsiyunkola, wani ɗan ɗakin ibada cikin kurmi, mallakin sufayen Benedikti na Dutsen Subasiyo. Sufayen sun bar musu shi, amma Faransuwa ya ƙi a ce nasu ne. Kowace shekara sai ya aika musu kwandon kifi a matsayin haya, su kuma su maido da tulun mai. Suka kakkafa bukkoki na ƙirare da laka kewaye da ɗakin.

A nan fa rigimar ta taso. Mutum goma sha biyu na iya rayuwa ba rumbu, ba gida, amma dubbai fa? A 1219 Faransuwa ya tafi Masar ana tsakiyar yaƙi, ya gana da Sarki al-Kamil kusa da Dimyat, ya fito lafiya. Yana can aka fara sauya dokokinsa a gida. A 1220 ya sauka daga shugabanci. Wasu ƴan uwan na son gidaje da littattafai da makarantu, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba, don akwai tsofaffi da marasa lafiya cikinsu.

An ruwaito cewa da mutanen Asiz suka gina musu gidan dutse don babban taronsu, Faransuwa ya hau rufin yana cire shi da hannunsa, sai da aka gaya masa gidan na gari ne, ba nasu ba, sannan ya sauko. Fafaroma Onoriyus na Uku ya sa hannu kan dokarsu a 1223. Faransuwa ya rasu a Porsiyunkola ranar 3 ga Oktoba 1226, kwance a ƙasa yadda ya nema. Ɗan ɗakin yana nan har yau, sai dai yanzu yana tsaye ne a tsakiyar wata ƙatuwar coci da aka fara ginawa a 1569.