Robar Wuya: Kada Ka Raina Zazzaɓi Idan Tana Jikinka

Idan kana zuwa Sakkwato wankin ƙoda daga Anka, Gummi ko Bukkuyum, mai yiwuwa an sanya maka roba a babbar jijiyar jini ta wuya ko ta saman cinya. Wannan roba ta sha bamban da wadda ake sa wa a bayan hannu don ƙarin ruwa. Ta wuya, bakinta na ciki yana dab da zuciya, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta bi ta cikinta, jini za ta faɗa kai tsaye.

Matsalolin da robar kan jawo su ne: shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, gudan jini da ke toshe ta, zubar jini, da shigar iska idan murfinta ya buɗe. Wani lokaci allura kan taɓa huhu wajen sanya ta.

Ana iya kauce wa yawancinsu. Wani bincike da aka buga a 2006, a ɗakunan kulawa ta musamman 103 na jihar Michigan ta Amurka, ya nuna cewa wanke hannu, tsabtace fata da cire robar da aka gama amfani da ita na cikin matakan da suka rage cutar jini da kusan kashi biyu cikin uku.

Ga naka aikin a gida. Kada bandeji ya jiƙe, ka guji wanka a gulbi ko tafki. Ka kare wurin daga ƙura. Kada ka buɗe murfin, kada ka shafa mai, toka ko maganin gargajiya. Kada kowa ya yi maka allura ta cikinta sai ma'aikatan sashen ƙoda.

Idan ka ji zazzaɓi ko rawar ɗari, kada ka ɗauka na cizon sauro ne ka tsaya shan magani a kemis. Haka nan idan ka ga ruɓa, kumburin wuya ko hannu, ko numfashi ya yi maka wuya, ka nufi asibiti mafi kusa a ranar, ka gaya musu akwai roba a jikinka. Idan ta fita, ka kwanta, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kawo ka.

Robar ta wucin gadi ce. Tambayi likitanka game da aikin haɗa jijiyoyin hannu, wanda ya fi ta aminci. Yakan ɗauki makonni kafin ya ƙosa, don haka a fara maganarsa da wuri.

Allah Ya ba mu lafiya.