Sojojin dalma na Ingila da ƙurar da Bukkuyum ta sani

A Birtaniya akwai dattawan da ke kashe kuɗi wajen tara 'yan mutum-mutumin sojoji waɗanda tsayinsu bai wuce milimita 25 ba. Daga cikin waɗanda aka fi nema akwai na yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki kan haraji da addini da iyakar ikon sarki, har aka fille wa sarkin kai a 1649.

Ana yi musu fenti, a jera masu dogayen masu da 'yan bindiga da mahaya a kan tebur, a sake gwabza yaƙin Naseby na 1645 da rula da ƙwayar ludo. Tsofaffin da kamfanoni irin su Minifigs da Hinchliffe suka zuba a shekarun 1970 suna da farin jini a wurin masu tarawa. Da dalma da kuza aka haɗa su.

Dalmar ce matsalar. Sojan da ya daɗe a akwatin katakon da ke fitar da tsami yakan fara ruɓewa, ya koma farin gari mai guba. Haka nan gogar sa da magagari ko narka shi. Kamfanin Britains ya daina yi wa yara sojojin dalma a 1966, sannan a 1993 yunƙurin haramci a jihar New York ya sa masu ƙira da dama a Amurka suka sauya ƙarfe.

Mutanen Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan gari. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a 'Yargalma da Dareta ta Anka da wasu ƙauyuka. Duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da hannu da abinci. Aƙalla yara 400 suka rasu. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta warkewa.

A can, abin wasa kaɗai ya isa a tashi tsaye. A nan, garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa.